Yadda Ake Karatun Maikirobayoloji a Karon Farko a Jami'a: Daga Zauren Lacca Zuwa Ɗakin Gwaji

A yawancin jami'o'in Najeriya, sai ɗalibi ya shiga aji biyu yake haɗuwa da kwas ɗin maikirobayoloji na farko, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ba 'yan sashen kaɗai ke ɗaukarsa ba. Za ka tarar da 'yan bayokemistiri da 'yan kimiyyar abinci da masu karatun fannin lafiya duk a zaure ɗaya. Mako biyu da fara lacca sai ƙorafi ya tashi: sunaye sun yi yawa, ba sa kamuwa a baki, handawut ya yi kauri. Daga nan kowa sai ya koma ga abin da ya saba tun sakandare, wato hadda. Ni ma haka na yi, gwajin farko kuwa ya nuna mini iyakata. Na haddace matakan rinin Gram tsaf, wato hanyar rina bakteriya don a raba su gida biyu, malam bai tambayi matakan ba. Cewa ya yi a faɗi abin da za a gani idan aka manta ba a zuba aidin ba. Na yi ta cizon biro har lokaci ya cika.

Abin da na gane daga baya shi ne kwas ɗin bai kai yawan da handawut ke nunawa ba. Kusan kowane layi a cikinsa amsa ce ta "me ya sa?" Idan ka riƙe dalilin, haddar da za ta rage maka kaɗan ce. Ga yadda zan bi da shi da a ce yau zan fara.

Mataki na ɗaya: gyara ma'aunin da ke kanka

Kafin ka buɗe babi na biyu, zauna da rula. Dubi tsakanin ƙananan layuka biyu, milimita ɗaya ke nan. Raba wannan gida dubu a zuciyarka, kowane gida shi ne maikiromita. Bakteriyar nan Escherichia coli da ke hanjin kowa tsawonta wajen maikiromita 2 ne, ka ga sai an jera guda 500 kai da kai kafin su cike tsakanin layukan nan biyu. Jar ƙwayar jini ta kai maikiromita 7 zuwa 8. Bairas ɗin shan inna kuwa wajen nanomita 30 ne, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita. Madubin ganin ƙananan halittu, wato maikiroskop, da za a ba ka a lab ba ya rarrabe abin da ya gaza maikiromita 0.2. Saboda haka ba za ka taɓa ganin bairas ɗin shan inna da shi ba, ko wane irin goge gilashi ka yi. Tambaya ɗaya ke nan ka riga ka amsa.

Sai ka raba halittun gida-gida, kuma kowane gida ka sa masa wanda ka sani tun kana yaro. Bakteriya: masu tsamar da madara ta zama kindirmo, da Bacillus subtilis da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, da masu jawo kwalara da taifot. Dangin funfuna: yis ɗin da ke kumbura burodi, da Aspergillus flavus da ke kama gyaɗa da masara idan an ajiye su da danshi, ya bar musu gubar afulatoksin. Furotozuwa: Plasmodium mai zazzaɓin cizon sauro. Gansakuka: koren da ke kan kududdufi. Bairas: ƙyanda, da shan inna, da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Akwai kuma arkiya, waɗanda suka yi kama da bakteriya a ido amma Carl Woese ya nuna a 1977 cewa dangi ne daban.

Babban rabon da za a yi ta maimaita maka shi ne na furokariyot da yukariyot. Na farko, wato bakteriya da arkiya, DNA ɗinsu ba ya cikin wani ɗaki mai rufi, raibozom ɗinsu, wato wurin ƙera furotin a cikin ƙwayar, 70S ne. Na biyu, wato funfuna da furotozuwa da mu kanmu, muna da ɗakin, raibozom ɗinmu 80S. Kada ka ɗauki lambobin nan ado ne. Kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, raibozom 70S yake kamawa ya hana bakteriya ƙera furotin, shi ya sa yake yi mata illar da bai yi maka ba. Bairas kuma ba shi da raibozom ko kaɗan, na jikinka yake ara. To me kafso zai kama a jikin bairas ɗin mura?

Mataki na biyu: fasa sunayen kamar gyaɗa

Sunayen nan Latin ne da Girkanci, kuma mafi yawansu kwatance ne kawai. Coccus ƙwaya ce mai zagaye. Bacillus 'yar sanda. Staphylo daga kalmar nonon inabi ya fito, wato ƙwayoyi a cure wuri ɗaya. Strepto na nufin abin da ya murɗe, ana sa shi ga masu jerin sarƙa kamar carbi. Diplo bibbiyu. Aureus ruwan zinare. Idan ka ga Staphylococcus aureus, sunan ya riga ya gaya maka ƙwayoyi ne masu zagaye, a cure, kuma tsibinsu a farantin da ake shuka su a lab yakan yi rawaya. Lactobacillus sandar madara. Wasu kuma sunan mutane ne: Escherichia daga Theodor Escherich da ya bayyana ta a 1885, coli kuma na babban hanji, Salmonella daga Daniel Salmon, likitan dabbobi a Amurka, Neisseria daga Albert Neisser.

Sayi ƙaramin littafi daban, ka ba kowace halitta shafi ɗaya. A kai ka rubuta siffarta, da launin da take ɗauka a rinin Gram, da ko tana buƙatar iska, da inda take zama, da abin da take yi wa mutum, alheri ko sharri. A zango ɗaya da wuya waɗanda ake maimaitawa su wuce ashirin da 'yan kai. Ka fara da na gida. Neisseria meningitidis mai sanƙarau, wadda ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya da Nijar a 1996. Corynebacterium diphtheriae mai mashaƙo, da ta sake ɓulla a Kano a ƙarshen 2022. Rhizobium da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa tana ƙara wa ƙasa taki. Abin da ka taɓa gani ya kwantar da wani a unguwarku ba ya ɓace maka a ɗakin jarrabawa.

Ƙa'idar rubutu kuma malamai ba sa yafe ta: sunan farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami, sannan idan da hannu kake rubutu ka ja layi a ƙarƙashin kowanne daban. Rabin maki-rabin maki da ake zaftarewa a nan, in ka tara, ya isa ya sauko da kai daga B zuwa C.

Mataki na uku: karanta tarihin a matsayin gardama

Babin tarihi shi ne wanda aka fi haddacewa kuma aka fi mantawa. Ɗauke shi a matsayin musu guda biyu.

Musun farko: shin rai yana fitowa daga abin da ba shi da rai? Mutane sun daɗe suna ganin tsutsa daga cikin nama take tsirowa. Francesco Redi ya rufe wasu tuluna da yadi a 1668, ƙuda bai samu sauka ba, tsutsa ba ta fito ba. Sai ga Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya goge gilasansa da hannunsa ya ga ƙananan halittu suna yawo a ɗigon ruwa a shekarun 1670, musu ya dawo sabo: to waɗannan fa, daga ina? Louis Pasteur ne ya kashe maganar a wajajen 1860. Ya tafasa romo a kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe, iska na shiga amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar, romo bai lalace ba. Da aka karya wuyan sai ya ruɓe.

Musu na biyu: shin waɗannan halittu ne ke kawo cuta? Nan Robert Koch ya shigo, da cutar antaraks mai kama dabbobi da mutane a 1876, sai tarin fuka a 1882. Ranar 24 ga Maris da ya sanar da sakamakon ita ce har yau ake tunawa da ranar tarin fuka ta duniya. Sharuɗɗansa huɗu na tabbatar da cewa wata ƙwaya ce ke kawo wata cuta kowa zai haddace su. Kai ka ƙara da inda suka gaza, don nan tambayar take: akwai masu ɗauke da ƙwayar taifot suna yawo lafiya lau, ƙwayar kuturta ba ta tsirowa a faranti, bairas kuma sai a cikin rayayyar ƙwayar halitta.

Mataki na huɗu: tsaya a kan katanga

Idan akwai babi ɗaya da zan ce ka ba shi mako guda cur, to na katangar bakteriya ne. Cikin bakteriya cike yake da gishiri da sukari da sauran narkakkun abubuwa, ruwa kullum yana son kutsawa ciki. Ba don katanga ba da ta kumbura ta fashe. Katangar an saƙa ta ne da wani abu mai suna feftidogilaikan, sarƙoƙin sukari da aka ɗinke da gajerun zaren amino asid, kamar saƙar raga.

Gida biyu ne. Masu Gram-fozitif ragarsu mai kauri ce, hawa-hawa, kuma ita ce a waje. Masu Gram-negatif ragarsu siririya ce, amma sun yafa wani mayafi na kitse a kanta. Zana su biyun a takarda ɗaya, gefe da gefe, ka yi ta zanawa har ka iya ba tare da duba littafi ba. Sannan ka fara rataya sauran kwas ɗin a jikin zanen.

Fenisilin, wadda Alexander Fleming ya lura da ita a 1928 lokacin da funfuna ya faɗa masa cikin faranti a Landan, ɗinkin ragar nan take hanawa. Bakteriya mai girma ta gina katanga marar ɗinki, ruwa ya shiga, ta fashe. Mutum ba shi da feftidogilaikan, shi ya sa maganin bai rusa ƙwayoyinmu. Mayafin kitsen nan na Gram-negatif yana tare wasu magunguna a ƙofa, kuma a cikinsa ne gubar da ke tayar da zazzaɓi mai tsanani take. Sinadarin laisozaim da ke cikin hawaye da miyau ragar yake tsinkawa. Mycoplasma ba ta da katanga sam, don haka fenisilin ba ta da abin kamawa a jikinta. Ƙwayar tarin fuka katangarta shafe take da wani kitse kamar kakin zuma, rinin Gram bai shigarta da kyau, shi ya sa a asibiti ake rina majina da hanyar Ziehl-Neelsen. Duk waɗannan a handawut shafuka daban-daban suke, amma zane ɗaya ne ya haife su.

Kusa da wannan sai maganar Bacillus da Clostridium, masu dunƙulewa su zama ƙwaya mai taurin kai idan rayuwa ta yi wuya. A wannan hali tafasasshen ruwa ba lallai ya kashe su ba. Ƙwayar tetanus da ke cikin ƙasa haka take jira. Riƙe wannan, yanzu za mu buƙace shi.

Mataki na biyar: koyi tsabtar lab kafin komai

Tun daga shiga: farar riga a ɓalle maɓallanta, takalmi rufaffe ba silifas ba. Ke kuma 'yar'uwa, ki cusa hijabinki cikin rigar, ko ki sa ƙarami ranar firaktikal, domin za ki sunkuya a kan wuta ga kuma sifirit a gefe. Babbar riga a bar ta a hostel. Ba a ci, ba a sha, ba a cizon biro, ba a zuƙo komai da baki ta bututu.

Duk aikin lab ɗin nan manufarsa ɗaya: abin da ka shuka shi kaɗai ya tsiro, kuma kada ya bi ka gida. A kashe fanka, a rufe tagar da ke kusa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawo. Goge tebur da alkohol mai kashi 70 cikin ɗari. Za a tambaye ka dalilin da ba a amfani da tsantsa: tsantsar tana bushewa da wuri, ruwan da ke cikin mai kashi 70 kuwa yana taimaka mata ta ratsa ƙwayar ta daskarar da furotin ɗinta.

Abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai ana daskarar da shi da aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. A da jelatin ake amfani da shi, sai ya riƙa narkewa a zafin jiki, wasu ƙwayoyin ma su cinye shi. Fanny Hesse, matar wani mai aiki tare da Koch, ita ta kawo shawarar aga daga kicin ɗinta, farantin kuma Julius Petri ya fito da shi a 1887. Karanta jikin gwangwani kafin ka auna. Na gama-garin da aka fi samu giram 28 ne a lita ɗaya, ka ga mililita 250 giram 7 ke nan. A narkar, a toshe bakin kwalba da auduga, a sa a otokilef, wadda tukunyar tururi ce mai matsi: digiri 121 na minti 15. Me ya sa ba 100 ba? Saboda masu taurin kan nan na ɗazu. Kayan gilashi busassu kuma oben ake sa su, digiri 160 na awa biyu, domin busasshen zafi bai kai tururi saurin kisa ba. Bari ya huce zuwa wajen digiri 45 zuwa 50, yadda za ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu, sannan ka zuba a farantai kusa da wuta.

Shuka da waya ake yi, mai ɗan zobe a baki. Ƙona ta har ta yi ja, ka jira ta huce. Wannan jiran shi ne ke gagarar sababbi, sai ka ji "cuu" a cikin faranti, an soye abin da aka zo shukawa. Ɗebo kaɗan, ka ja layuka a kusurwa ɗaya. Ƙona waya, ta huce, ka ja daga bakin layukan farko zuwa kusurwa ta biyu. Haka har kusurwa ta huɗu, ba tare da ka sake komawa ɗebo ba. Kowane ja yana rage yawansu, har a ƙarshe ƙwaya ɗaiɗai ta faɗi ita kaɗai, ta hayayyafa ta zama tsibi guda da ido ke gani. Murfin kuma ɗaga shi ake yi kaɗan kamar mai leƙen tukunya, ba a ajiye shi a tebur. Rubuta suna da kwanan wata a gindin faranti, don murfi yana iya musanyuwa. Sai a kife shi a inkubeta, digiri 37, awa 18 zuwa 24. Kifewar don kada gumin murfi ya ɗigo ya haɗe maka tsibi da tsibi.

Washegari kada ka buɗe faranti ka kai hanci. Duba da ido: girma, launi, gefe, tudu ne ko shafe. A kan agan MacConkey masu cin sukarin madara irin E. coli ruwan hoda suke fitowa, Salmonella kuwa fayau ba launi.

Mataki na shida: rinin Gram da madubi

Hans Christian Gram, likita ɗan ƙasar Denmak, ya fito da wannan hanya a 1884 yana aiki a Balin, kuma har yau ita ce tambayar farko da ake yi wa duk bakteriyar da ba a sani ba. Da wuya firaktikal na jarrabawa ya wuce ba ita.

Ɗauki gilashi mai tsabta marar maiƙo, ka sa masa alama a fuskar da za ka yi aiki. Na taɓa rina gilashi tsaf, na goge fuskar da shafin yake da hannuna ina zaton bayan ne, na kwashe minti ashirin ina neman abin da ke jikin auduga. Ɗiga ruwa ɗan mitsitsi, ka taɓo tsibi ɗaya da waya, ka baje shi siriri har ya zama kamar hazo. Shafi mai kauri shi ne tushen yawancin sakamakon ƙarya. Bari iska ta busar da shi, sannan ka gifta shi ta kan wuta sau biyu ko uku don ya manne. Giftawa na ce, ba gashi ba. Idan ka ɗora a bayan hannu ka ji yana ƙuna, ya wuce.

Yanzu rini. Zuba kiristal bayolet ya rufe shafin, minti ɗaya. Shi ne dai shunayyar nan G.V. da ake saya a kemis ana shafa wa gyambo. A wannan lokaci kowa ya zama shunayya. Ɗauraye da ruwa a hankali. Zuba aidin, minti ɗaya. Aidin yana haɗuwa da rinin su zama dunƙule mai girma a cikin ƙwayar. Ɗauraye. Sai mataki mai hatsari: karkata gilashin, ka ɗiga alkohol mai kashi 95 har ruwan da ke zuba ya daina fita da launi, daƙiƙa 10 zuwa 20 galibi, in asiton ne ma bai kai haka ba, ka ɗauraye nan take. Alkohol yana tsuke ragar Gram-fozitif mai kauri, dunƙulen ya rasa hanyar fita. A Gram-negatif kuwa yana narkar da mayafin kitse, siririyar ragar ta kasa riƙe komai, launi ya zube. Daga ƙarshe safranin, wani jan rini, rabin minti zuwa minti ɗaya, don waɗanda suka zama fayau su samu launi. Ɗauraye, ka tsotse ruwan da takarda ba tare da gogewa ba.

Gram-fozitif shunayya, Gram-negatif ruwan hoda. Yanzu amsa tambayar da ta kayar da ni: ba aidin, ba dunƙule, alkohol zai wanke kowa, duka su fito ruwan hoda. In ka daɗe da alkohol, haka. In ba ka sa isasshe ba, ko shafin ya yi kauri, kowa shunayya. In shukar ta tsufa ta kwana biyu ko uku, katangar Gram-fozitif ta fara lalacewa, sai ka ga gauraye. Saboda haka idan an ba da dama, ka rina S. aureus da E. coli a gefe don su zame maka shaidu. In shaidun sun fito daidai, hannunka daidai ne.

A madubi kada ka yi tsalle zuwa babban gilashi. Fara da mai lamba 10, ka nemo launi da babban abin murɗawa. Juya zuwa 40, daga nan ƙaramin abin murɗawa kaɗai. Sai ka kawar da shi gefe, ka ɗiga man madubi ɗigo ɗaya a kan shafin, ka juyo mai lamba 100 ya nutse a ciki. Man yana lanƙwasa haske daidai da yadda gilashi ke yi, don haka hasken ba ya watsewa a iska kafin ya shiga. Gilashin da ka ɗora ido a kai 10 ne, sau 100, dubu ke nan, kuma sai ka rubuta wannan a ƙarƙashin zanenka. Kada mai lamba 40 ya taɓa man, kuma ka goge na 100 da takardarsa ta musamman kafin ka tashi. Ma'aikatan lab ba sa manta fuskar wanda ya bar musu mai ya bushe. Su ɗin nan ma ka girmama su, ka riƙa zuwa da wuri kana taya su jera kaya. Abin da hannunka zai koya a wurinsu ba ya cikin lacca.

Idan kana ganin wani abu ka juya gilashin sama ya juya tare da shi, datti ne. Idan ka motsa shafin abin bai motsa ba, shi ma ba naka ba ne.

Mataki na bakwai: lissafi guda biyu

Da yawa sun gudo wannan fanni ne don tsoron lissafi, to ga shi ya biyo su, sai dai ba shi da yawa. Na farko na hayayyafa ne. Bakteriya rabuwa biyu take yi, saboda haka adadin ƙarshe shi ne adadin farko sau 2, sau 2, har iya yawan rabuwar. E. coli in ta samu yadda take so minti 20 take rabuwa. Ƙwaya ɗaya a awa 7 ta rabu sau 21, ta zama 2,097,152. Gwada da kanka: ƙwaya 100 sun faɗa kunu, suna rabuwa duk minti 30, an bar shi awa 4. Rabuwa 8 ke nan, 256 sau 100, wato 25,600. Ƙwayar tarin fuka kuwa takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, shi ya sa shukarta ke cin makonni. Zanen girma mai zango huɗu, wato shiri, da hauhawa, da tsayawa, da mutuwa, ka iya faɗin abin da ke faruwa a kowanne. Fenisilin a zangon hauhawa ta fi kisa, don lokacin ake ginin katanga.

Na biyu na ƙirga ne. Mililita ɗaya na nono a cikin mililita 9 na ruwa mai tsabta, an sirka sau 10. Ɗebi ɗaya daga nan zuwa kwalba ta gaba, sau 100. Haka har inda aka ce. Farantin da ake ƙirgawa shi ne mai tsibi 30 zuwa 300. Misali ka shuka mililita 0.1 daga kwalba ta huɗu, wadda aka sirka sau 10,000, ka ƙirga tsibi 85. Sai ka ce 85 sau 10,000, a raba da 0.1, ya ba ka 8,500,000 CFU a kowace mililita. Wurin da ake faɗuwa shi ne manta 0.1 ɗin nan. Ana cewa CFU, wato abin da ya tsiro ya zama tsibi guda, ba a ce ƙwaya ba, domin tsibi ɗaya yana iya tasowa daga curin ƙwayoyi da yawa.

Mataki na takwas: rahoto da jarrabawa

Rubuta rahoton firaktikal a ranar da aka yi shi, kafin ka kwanta. Ka zana abin da ka gani da fensir, ba abin da ke littafi ba. Idan E. coli ɗinka ta fito shunayya, rubuta haka, sannan ka bayyana abin da kake zaton ya jawo. Malami mai duba rahoto ɗari yana gane wanda aka kwafa tun daga layin farko, kuma kuskuren da aka yi wa bayani ya fi ba da maki a kan sakamako mai kyau na aro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi tsofaffin tambayoyi tun tsakiyar zango, ba daren jarrabawa ba, ka amsa su a rubuce da agogo a gabanka. Duk inda aka ce a bambanta abu biyu, ja tebur. Duk inda zane zai shiga, zana ka sa sunayen sassa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka don kada ya koma hira, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran da Hausa, littafi a rufe. Turanci yana ɓoye rashin fahimta, mutum ya jero jimlar handawut ba tare da ya san me ya faɗa ba. Da Hausa ba wurin ɓuya. In ka je gida hutun tsakiyar zango, zauna kusa da Inna lokacin da take zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara da ta dafa ta huce, ka gaya mata sunan kowane mataki a lab: dafawar, da jiran ta huce, da zuba irin, da rufe ƙwarya a ajiye a wuri mai ɗumi har safiya. Inda ka ji bakinka ya sarƙe, wannan babin za ka koma ka buɗe in ka dawo makaranta.